Masallacin Alhaji a kan talabijin

Abba ya cika shekara 5 a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ni kuwa na ƙwallafa rai sai an yi masa biki irin wanda na gani a Facebook: komai na Lego, 'yan bulon robar nan da yara ke wasan gini da su, ja da rawaya da shuɗi. Baban Abba ya ce, "Mu da muka tashi a Yelwa, wa ya taɓa yi mana wannan?" Na ce ai shi ya sa kuka fito haka.

Lego na asali ɗan Danmak ne, wani kafinta ya kafa kamfanin a 1932, amma farashinsa ya fi ƙarfin matar kafinta irina. Ƙanwata ta aiko ƙaramin kwali daga Duwala, na cike da na babbar kasuwa, leda guda jaka uku. Mai shago ya rantse duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Muna zuwa gida muka tarar ko gaisawa ba sa yi. Na asali kana dannawa zai ce ƙas ya kama. Na kasuwa ko dai ya zube da kansa, ko ya maƙale sai an sa haƙori.

Gato kuwa, wato kek, na sa aka yi shi da siffar bulon, ja wur, da biskit takwas a kai a matsayin 'yan ƙusoshin nan. Wuta ta ɗauke tun hantsi. Kafin la'asar ya kwanta a faranti, biskit na iyo a ciki.

Yara goma na gayyata. Layinmu kaf ya zo, kowa da ƙaninsa a hannu, folere da makala suka ƙare kafin a shimfiɗa tabarma ta biyu. Kwalin ya ce kada a ba 'yan ƙasa da shekara 3, saboda haɗiya, don haka rabin bikin ina durƙushe ina buɗe bakin 'ya'yan mutane.

Ana cikin haka surukina Alhaji ya shigo, shi da tun safe yake cewa bikin nan na nasara ne, ba zai zauna ba. Ya tsaya kan Abba, takwaransa, ya ce, "Kai abokina, haka ake gini? Ina harsashi?" Ya naɗe hannun riga ya zauna. Ya ware na asali gefe guda, na kasuwa ya tura wa yara. Baban Abba ya matso da shawara, aka ce ya yi shiru, ko ɗakin kaji bai taɓa ginawa ba. Maƙwabcinmu magini ya leƙo, gardama ta kaure kan tsawon hasumiya. Abba na kuka, ina cewa, "Baba, a bar masa ko guda biyu," Alhaji na cewa, "Bari a rufe ƙubba tukuna."

Kiran magariba ne ya tashe su. Alhaji ya ɗauki masallacinsa da hannu biyu, ya ɗora kan talabijin, ya ce duk wanda ya taɓa bai yafe ba. Duk Juma'a sai ya zo ya ƙirga tagogi. Ƙanwata ta ce wani kwalin sai ƙarshen wata, kuma wannan karon ni zan biya.