Kallis ba ya gaban Imran Khan, ko da lissafin ya ce haka

Duk wanda ya yi karatu a Indiya ya san ba don so ake koyon kurket ba, dole ce. Talabijin ɗaya ce a ɗakin hutawa na masaukinmu, kuma ranar da Indiya ke wasa ko mai shayin bakin ƙofa ba ya sauraron kowa. Shekarar farko ina zama ne kawai ina jira a gama in nemi ƙwallon ƙafa. Kafin shekara ta uku ni ne mai tayar da jijiyar wuya a musu. Jiya wani tsohon abokin ɗakina ya turo mini jerin gwanayen da ya ce sun fi kowa a tarihi wajen haɗa jifa da bugu, ya ɗora Jacques Kallis a sama. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in amayar da shi a nan.

Ga waɗanda ba su saba ba: a kurket akwai mai jifa, akwai mai bugu. Mai bugu maki yake tarawa, mai jifa kuma ƙoƙarinsa ya fitar da shi. Yawancin 'yan wasa ɗaya suka iya, ɗayan kuwa sai dai a yi maneji. Ɗan komai-da-ruwanka shi ne wanda ya iya duka biyun, kuma irinsu ba sa yawa a kowane zamani.

Na ɗaya dai a wurina babu musu, Garfield Sobers ne na Barbados, wanda ya buga wa West Indies, wato haɗaɗɗiyar tawagar ƙasashen Karibiyan. Wasannin Test 93, wato manyan wasannin nan na kwana biyar, maki 8,032, kuma ya fitar da mutum 235. Yana ɗan shekara 21 ya buga 365 ba a fitar da shi ba a karawa da Pakistan a Kingston a 1958, bajintar da ta tsaya har sai da Brian Lara ya wuce ta a 1994. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jifarsa iri uku ce da hannun hagu: ya yi mai sauri, ya murza ƙwallo da yatsu, ya murza da wuyan hannu. Kamar a ce ɗan wasa uku ne a riga ɗaya. A Ingila a 1966, cikin wasa biyar ya ci maki 722, ya fitar da mutum 20, ya cafe ƙwallo 10. Ga kuma abin da ya yi wa Malcolm Nash a Swansea a 1968: jifa shida, duk shidan ya tsallakar da su bayan layi.

Rigimar a mataki na biyu take. Kallis na Afirka ta Kudu yana da maki 13,289 a wasa 166, ya kai maki ɗari a bugu ɗaya sau 45, ya fitar da mutum 292, ya cafe 200. In ka dubi takarda kawai, kai ma za ka sara masa. To amma raba 292 da 166, ba su kai mutum biyu a wasa ba. Kallis gwanin bugu ne na gaske wanda ake miƙa wa ƙwallo in manyan sun gaji. Kuma manyan nan ba ƙanana ba ne: Allan Donald, Shaun Pollock, Makhaya Ntini, daga baya Dale Steyn. Ba kasafai nauyin jifa ya taɓa zama a wuyansa ba.

A Test kuwa galibi ba ka cin wasa sai ka fitar da abokan hamayya sau 20. Ko maki dubu ka tara, in ba ka kwashe su ba canjaras za a tashi. A nan Imran Khan na Pakistan ya yi wa Kallis fintinkau: mutum 362 a wasa 88, sama da huɗu a kowane wasa, kuma a matsakaici kowane ɗaya bai kai maki 23 ya ci masa ba. Da yawansu a filayen Pakistan fa, busassu, inda ƙwallo ba ta tashi, inda mai jifa da sauri ke shan wuya a banza. A 1982 zuwa 1983 ya fitar da 'yan Indiya 40 a wasa shida, abin da abokin ɗakin nawa ba ya son a tuna masa. Bayan nan ƙashin ƙaurinsa ya tsage, ya daɗe ba ya jifa, sai ya koma ya gyara bugunsa har ya zama ana iya sa shi a tawaga don bugun kaɗai. A lokacin da West Indies ke tattake kowa, sau uku Pakistan ƙarƙashinsa ta yi kunnen doki da su a jerin wasannin Test, ɗaya da ɗaya. Shi ya raini gwanayen jifa Wasim Akram da Waqar Younis. Yana da shekara 39 ya ɗaga Kofin Duniya a Melbourne a 1992, ya ci 72 a wasan ƙarshe da Ingila, kuma shi ya fitar da mutumin ƙarshe. Siyasarsa da firaministan da ya zama a 2018 wata magana ce daban, kada wani ya jawo mini ita nan.

Saboda haka Kallis na uku, kuma ban rage shi da komai ba.

Kapil Dev ne zuciyata ke so in ɗaga sama da inda ya dace, don labarinsa na fi ji. Kofin Duniya na 1983, a Tunbridge Wells, Zimbabwe ta fitar da 'yan Indiya biyar maki 17 kacal a allo. Kyaftin ɗan shekara 24 ya tsaya ya buga 175 ba a fitar da shi ba, suka tashi da 266. Ba a ɗauki wasan a talabijin ba, amma duk dattijon da ka zauna da shi a can zai ba ka labarin tamkar a gabansa aka yi, har da kwatanta yadda aka riƙe sandar. Mutum 434 da maki 5,248, a ƙasar da masu murza ƙwallo ne sarakai. Na huɗu.

Ian Botham fa? Headingley 1981, 149 ba a fitar da shi ba, Ingila ta dawo daga bakin kabari ta doke Ostireliya da maki 18. Amma bai taɓa kai ɗari ba a kan West Indies, gwanayen zamaninsa, kuma wannan tabo ne. Richard Hadlee na New Zealand, da mutum 431, ya fi su Kapil iya jifa, sai dai bugunsa na taimako ne. Keith Miller na Ostireliya, matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, wasa 55 kawai ya yi, amma in aka matsa mini zan iya ture Botham in sa shi na biyar.

Na san masoya Ben Stokes na Ingila na nan tafe da maki 135 ɗinsa na Headingley a 2019. Na kalla, na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki. Ku bari ya ajiye sanda tukuna. Shi kuma abokin nawa na mayar masa da nawa jerin tun da asuba, alamar ya karanta ta fito, har yanzu bai ce uffan ba.