Wai kimiyya ta maza ce da matasa?

Har yanzu ana jin masu cewa kimiyya fagen maza ne, tsofaffi kuwa sai camfi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti ya isa ya ƙaryata wannan. Sinadarin artemisinin da ke cikinsa, mace ce ta jagoranci gano shi a farkon shekarun 1970, Tu Youyou 'yar ƙasar Sin. Kuma a tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarta ta samo bakin zaren. Wani rubutu na ƙarni na 4 ya ce a jiƙa ganyen da ke ɗauke da sinadarin, dangin tazargade ne, a ruwa a matse. Daga nan ta gane cewa tafasawa ke kashe ƙarfinsa. An ba ta kyautar Nobel a 2015, tana da shekara 84.