Oktoberfest ba bikin Jamus baki ɗaya ba ne

Duk shekara idan hotunan Oktoberfest suka fara yawo a intanet, sai ka ji ana cewa ai wannan shi ne babban bikin gargajiyar Jamusawa, ƙasar gaba ɗaya ke yinsa a watan Oktoba. Maganar tana ɗan sosa mini rai, ko da yake ban ga laifin mai faɗarta ba, tunda sunan da kansa yana nuna Oktoba, hotunan kuma sun cika duniya.

Bikin na birnin Munich ne, a jihar Bavaria da ke kudancin ƙasar. Asalinsa ma shagalin aure ne. A Oktoban 1810 yarima Ludwig mai jiran gadon sarautar Bavaria ya auri gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari, aka yi sukuwar dawakai a wani fili a bayan gari. Filin har yau sunan amaryar yake ɗauke da shi, Theresienwiese. Gajeren wandon fata da rigunan matan da ake gani a hotuna su ma tufafin yankin ne, mutumin birnin Hamburg da ke arewacin Jamus ba ya kiransu kayan gadonsa.

Batun wata kuwa, daga baya aka janyo bikin zuwa Satumba saboda sanyi bai kankama ba a lokacin. A 2024 an buɗe ranar 21 ga Satumba, aka rufe ranar 6 ga Oktoba, wato kwana shida kacal suka faɗa cikin watan da aka raɗa masa suna da shi.

Wasu sassan Jamus ma suna da nasu bukukuwan. A birnin Cologne da ke yammacin ƙasar, misali, bikin Karneval ne abin alfaharinsu, kuma ƙarshensa yana zuwa ne gab da azumin Kiristoci.