Ɓarawon kanti ido yake tsoro, ba gora ba

Jiya ina tsaye a wani kanti ina jiran canji, samari biyu suka shigo. Ɗaya ya sa mai kantin ya taka kujera zai sauko masa da kaya daga can saman kanta, ɗayan kuwa ya raɓe wajen da aka jera batir da reza, hannunsa na kai-komo tsakanin kanta da aljihu. Sai yaron shagon da ke gefe ya leƙo, ya dube shi cikin ido ya ce, "Sannunku da zuwa, me za a ba ku?" Shi ke nan. Na farkon ya ce kayan bai yi masa ba, suka fice sumui-sumui. Mai kantin ma bai san an yi ba.

Tun 1979 wasu masana biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka ce sata ba ta aukuwa sai abu uku sun haɗu: mai niyya, kayan da za a iya ɗauka, da rashin mai lura. Mai lurar nan ba dole ya zama ɗan sanda ba, yaron nan ma ya isa. Dama an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Irin wannan tunani ne ke tattare da shirin sa ido na maƙwabta, wanda ya zama na ƙasa a Amurka a 1972, ya isa Ingila a 1982 ta wani ƙauye mai suna Mollington. Aikinsa a fili yake: ka gani, ka sanar da maƙwabci, ka kai rahoto ga hukuma. Inda nake rabuwa da jama'a shi ne lokacin da mai sa ido ya naɗa kansa alƙali. A 2012 a jihar Florida, George Zimmerman, jagoran irin wannan shiri a unguwarsu, ya bi Trayvon Martin, ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, ya ƙare da harbe yaron har lahira. Zargi ne kawai mafarin abin. Duk wanda ya taɓa ganin taro ya rufar wa mutum saboda an yi ihun "ɓarawo" ya san rabin masu dukan ba su san me aka sata ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayen kayan sata. Ronald Clarke, wani masanin laifuka ɗan Birtaniya, ya nuna a 1999 cewa kayan da ɓarayi suka fi so su ne masu sauƙin ɓoyewa, masu daraja, masu saurin shiga kasuwa. Ku lura da na ƙarshen nan. Wanda ya sunkuci turare kwalba goma ai ba wanka zai yi da shi ba, akwai mai jiransa. Kuma sau da yawa mai jiran yana cikin zauren WhatsApp ɗin 'yan kasuwa, shi ne ma kan gaba wajen tura hoton ɓarawo da Allah ya isa. Gobe a kawo masa waya babu kwali babu rasit a rabin kuɗinta, sai ya ce rabonsa ne ya tsaga. Haba malam!

Da ni ke shugabantar ƙungiyar masu shaguna, kafin mu sayi kyamara ko ɗaya sai kowa ya sa hannu cewa ba zai karɓi kayan da ba a san asalinsu ba, wanda aka kama kuma a cire shi. Kyamara na da amfani, amma ta kantin jiya na ga wayarta na reto a bango, ba a ma jona ta ba. Sannan a gyara fitilar lungun baya, a matso da ƙananan kaya masu tsada kusa da teburin biya, kuma duk satar da aka yi, komai ƙanƙantarta, a rubuta rana da lokaci a kai ofishin 'yan sanda, domin da wannan littafin ake gane cewa mutum ɗaya ne ke zagaya layin gaba ɗaya.