Kawu, Ai a Fim Na Gani

Daren Asabar ɗin nan da ta wuce na dawo daga sallar isha'i na tarar da samarin gidanmu da abokansu, su bakwai, sun yi cincirindo a zaure a kan kwamfuta guda. Sai da na yi sallama sau uku kafin ɗaya ya amsa, shi ma bai ɗago kai ba. Wannan maganar wata rana ce. Na leƙa in ga abin da ya ɗauke musu hankali haka, sai na ga wani tsohon fim ne na Turawa da na taɓa kallo ina saurayi, The Inn of the Sixth Happiness na shekarar 1958, labarin wata 'yar mishan da ta bar Landan ta tafi ƙasar Sin. Har na ji daɗi, na ce yau dai an huta da harbe-harbe da rawar banza. Na jawo kujera na zauna.

Da aka gama, ɗan yayata ya yi miƙa ya ce, "Ashe Sinawan nan da suke mana fafa yanzu, da can jahilai ne ƙazamai, sai da Baturiya ta je ta wayar musu da kai." Na ce masa, a ina ka karanta wannan? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Kawu, ai yanzu muka gani a fim. Kuma an ce labarin gaskiya ne. Gani ya kori ji."

Tun daren nan maganar take cina a rai.

Ƙannena, don Allah me kuka gani? Duwatsun nan da kuka ɗauka na arewacin Sin ne, duwatsun yankin Wales ne na Birtaniya, can aka ɗauki fim ɗin. Yaran da suka yi jerin gwano a bayan jarumar, akasarinsu 'ya'yan Sinawa mazauna Libaful ne, garin da kuke hana mu barci a kan ƙungiyar ƙwallonsa. Hakimin garin mai dogon gemu Bature ne ɗan Ingila, Robert Donat, aka yi masa kwalliya aka ja masa ido. Hafsan sojan da yake son jarumar, Curt Jürgens ne, haifaffen Jamus. Ita kanta jarumar, Ingrid Bergman, doguwa ce kyakkyawa 'yar Suwidin. Matar da aka yi fim ɗin a kanta kuwa, Gladys Aylward, gajeruwa ce mai baƙin gashi, 'yar aikin gida a Landan, wadda hukumar mishan ta ƙi ɗauka don ana ganin ba za ta iya koyon Sinanci ba, ta tara kuɗin jirgin ƙasa da guminta ta ratsa Rasha ita kaɗai. Masaukin matafiya da ta riƙe a garin Yangcheng na lardin Shanxi, sunansa na gaskiya masaukin farin ciki takwas ne, masu fim suka mayar da shi shida. Yarinyar da ta fara ɗauka riƙo, Nai ake kiranta saboda kwabo tara da aka biya a kanta, su kuma suka rage mata taro ta koma Sisi. Mutanen da ba su bar sunan gida da sunan yarinya yadda suke ba, su ne za ku karɓi tarihin al'umma guda daga hannunsu ba tambaya?

Matar tana da rai lokacin da fim ɗin ya fito, sai 1970 ta rasu a Taiwan tana kula da marayu. Ba ta ji daɗinsa ba, musamman yadda aka nuna ta a fagen soyayya, aka kuma ƙare da cewa ta sauke yaran ta koma wajen masoyinta. Mai labarin ta ce ba haka aka yi ba, ɗan yayata yana zaune a zauren gidanmu yana cewa gani ya kori ji. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ba ku sani ba shi ne irin waɗannan finafinai suna da hanyarsu da suke bi, kamar yadda tatsuniya take da tata. In aka ce Gizo, kun san zai yi wayo, in aka ce Kura, kun san za ta sha wuya. To haka nan ma. Za a fara da baƙo ya sauka daga jirgi, kasuwa ta cika da hayaniya da tsummokara, yara na jifansa da laka. Za a ba shi Basine guda mai biyayya, kuku ko tafinta, mai ban dariya, wanda aikinsa ya ce "to" ya kuma yi mamakin alherin maigida. Sau da yawa ma mai biyayyar nan shi ne zai mutu don a tsira, kamar fursunan da ya ba da ransa a kan hanya a fim ɗin da kuka kalla. Sannan a kawo wani babba mai taurin kai, hakimi ko attajiri, wanda zuciyarsa za ta yi laushi bayan an warkar masa da ɗa ko an kashe masa wata wuta. A The Keys of the Kingdom na 1944, inda Gregory Peck ya fito a matsayin fada, wato limamin coci, ɗan Sikotlan, ɗan wani attajiri ne fadan ya yi wa aiki a hannu. Daga nan sai annoba ko yaƙi, sai madugun 'yan bindiga, bos ɗin fim ke nan, sai a ƙone coci, sai marayu, sai kuka da waƙa.

Shi bos ɗin nan ma abin dubawa ne. A fim ɗin Frank Capra na 1933, The Bitter Tea of General Yen, ɗan Suwidin Nils Asther ne janar ɗin Sin. A The Left Hand of God na 1955, Ba'amurke Lee J. Cobb ne madugun, kuma makomar ƙauye guda ta rataya a kan cacar da Humphrey Bogart ya buga da shi, mutanen ƙauyen suna gefe suna jiran abin da za a yanke musu. Kullum haka ne: wanda zai yi dogon zance a madadin Sinawa Bature ne da kwalliya, Sinawan gaske kuwa su ne taron da ke bayan fage, masu gudu da masu kuka. Ba don babu gwanaye ba. Anna May Wong tana nan a Amurka da basirarta, amma da aka zo yin The Good Earth a 1937 aka hana ta matsayin jaruma, aka ba Luise Rainer 'yar Jamus, har ta ci kyautar Oscar da shi. Masu tace finafinai na Amurka a lokacin ba sa son a nuna soyayya tsakanin Bature da wanda ba Bature ba, kuma jarumin Bature ne, saboda haka matarsa ma dole ta zama Baturiya ko da sunan Basiniya take.

Duk wannan bai ba ni haushi kamar ku ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Masu fim kasuwa suke ci, Turawa 'yan uwansu suke sayar wa tikiti, dole su sa fuskar da mai saye yake son gani. Ku fa? Me aka biya ku da kuke ɗaukar kayansu a ka kuna yawo da shi majalisa majalisa? Mutum ya kalli abu na awa biyu da rabi yana cin gyaɗa, rabin hankalinsa a waya, ya tashi ya yanke wa miliyoyin mutane hukunci. Halin nan dai shi ne na turo saƙo a WhatsApp ba a karanta ba, an ga an rubuta "yaɗa don Allah" sai a yaɗa. Shi ne na jin rabin wa'azi a TikTok a fito ana ba da fatawa. Ciwo ɗaya ne, wurin fitowarsa ne daban.

Na tambayi yaron, ta yaya aka yi 'yan mishan suka sami damar shiga can cikin ƙasar Sin? Shiru. Fim bai gaya masa ba, don fim yana farawa ne daga inda baƙo ya sauka da akwatinsa. Ba ya komawa 1839, lokacin da Birtaniya ta yaƙi Sin saboda sarkinsu ya hana shigo da ƙwayar ofiyom da take kashe masa mutane. Ba ya faɗin yarjejeniyar Nanjing ta 1842 da aka karɓe Hong Kong da ita, ko ta Tianjin ta 1858 da ta buɗe wa masu wa'azin Kirista cikin ƙasa bayan an sake cin Sinawa da yaƙi. In ka san wannan, yaron nan mai jifa da laka ba zai zame maka mahaukaci ba, za ka gane kakansa ya ga jirgin yaƙi da mai wa'azi sun shigo ta ƙofa ɗaya. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. A boren 'yan Boxer na 1900, wato boren da wasu Sinawa suka yi wa baƙi da Kiristoci, 'yan mishan da iyalansu da aka kashe ba su kai 300 ba, Sinawa Kiristoci da aka kashe kuwa kimanin 30,000 ne. Ku nemo mini a cikin tsofaffin finafinan nan wanda jaruminsa ɗaya ne daga cikin dubu talatin ɗin nan.

Ko maganar ɗaure ƙafar yara mata da ta fi girgiza ku, inda ake lanƙwasa yatsun yarinya a naɗe don ƙafar ta tsaya ƙarama. Mugun abu ne, babu mai musu, kuma 'yan mishan sun sa hannu wajen yaƙarsa. Amma Basine Kang Youwei ya kafa ƙungiyar hana shi tun 1883, gwamnatin Sin ta haramta shi a 1912, kuma hukumar garin ce ta ɗauki Gladys aikin duba ƙafafu. Fim ɗin ma ya nuna hakimi ne ya aike ta, amma da yake kuna kallo kuna danna waya, ya wuce ku. Akwai Shi Meiyu, Basiniya Kirista da ta gama karatun likita a jami'ar Michigan a 1896 ta koma gida ta riƙe asibiti. Akwai John Sung, mai wa'azin da ya cika majami'u a shekarun 1930. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai dai ba a miƙa musu makirufo ba.

Ina cikin wannan bayani sai wani abokinsu ya yi farat ya ce, "Ai dama Baba, duk ƙarya ce, 'yan mishan ɗin nan duk 'yan leƙen asiri ne." Na ce kai kuma a ina ka karanta? Ya ce wani ne ya faɗa a bidiyo. Inna lillahi! An gudu ba a tsira ba. Wannan ya haɗiye ba tauna, wancan ya tofar ba ɗanɗana. Gladys ɗin nan da gaske ta ɗauki takardar zama 'yar ƙasar Sin a 1936, da gaske ta ratsa duwatsu a ƙafa da marayu kimanin 100 lokacin da sojojin Japan suka mamaye yankin, ta isa tana gab da mutuwa don ciwo. Ba addinina take yi ba, amma ƙin faɗin jarumtarta rashin adalci ne. Hudson Taylor da ya kafa hukumar China Inland Mission a 1865 ya sa tufafin Sinawa ya koyi harshensu a lokacin da 'yan uwansa Turawa suke masa dariya. Mutane ne, da na kirki da masu girman kai, ba a auna su da mudu ɗaya.

Mu da muka taso, kakarmu in za ta yi tatsuniya sai ta ce "ga ta nan ga ta nanku," mu ce "ta zo mu ji ta." In ta gama ta ce "ƙurunƙus kan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san haƙƙin mai sauraro, ta buɗe ƙofa ta rufe, yaro ya san inda wasa ya ƙare. In kuwa labarin yaƙi ne ko na sarauta, sai ta canza murya ta ce wane ne ya gaya mini, shi kuma a wajen wane ya ji. A makarantar zaure ma ba ka isa ka kawo magana ba tare da littafi da babi ba, malam zai ce maka "a ina ka gani?" kunya ta kama ka a gaban sa'o'inka. Har majigin da Turawan mulki suke kawowa ƙofar fada, dattawa sun kalla sun yi dariya sun koma gida da hankalinsu, sun san wanda ya ɗauko injin da abin da yake so. Yau ga digiri, ga intanet a aljihu, ga laburaren duniya a tafin hannu, amma tambaya ta mutu. Yaro ya fi ƙarfin ya ce ban sani ba. Ina kunyar nan ta tafi? Ina tsoron a kama mutum da zancen da ba shi da tushe?

Kuma ku tuna, kyamarar da ta mayar da Sinawa taron 'yan kallo a ƙasarsu ta taɓa juyowa kanmu. A 1935 an yi Sanders of the River a kan jami'in mulkin mallaka a Nijeriya, har Paul Robeson da ya fito a ciki ya dawo yana nesanta kansa da shi. Wani yaro a wata ƙasa ya kalla ya ce ashe haka kakanninku suke, kuma shi ma gani ya kori ji. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ban ce kada ku yi kallo ba, ni ma na zauna har ƙarshe, kuma inda yaran suka shigo gari suna waƙa sai da idona ya kawo ruwa. Ku dai riƙa sa hankali, ku riƙa tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ku ji tsoron Allah a kan bakinku.

Da safe na tarar da ɗan yayar tawa a ƙofar gida yana wanke babur. Na ce masa, cikin yara ɗarin nan da suka ratsa duwatsu, faɗa mini sunan uku. Ya yi tunani ya ce, "Sisi." Na ce saura biyu. Ya yi dariya ya ci gaba da wankinsa, ya ce, "Kawu, kai ma dai, fim ne fa kawai."