Na'ura ba ta san rabi ba, in ji mai taga

Ranar Litinin na yi asubanci daga ƙauyenmu na bayan Ringim, acaɓa zuwa bakin titi, mota zuwa gari, da kuɗin buhun riɗi biyu cikin aljihu. Buƙatata guda: jami'ar da ƙanena ke karatu ta yarda ya biya rabin kuɗin rajista, sauran in na yanke shinkafar rani. Na tsaya a layi tun hantsi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa.

Da na isa taga na yi sallama. Shiru. Mutumin yana latsa waya, ga kofin shayi a gefe. Na sake sallama. Bai ɗago ba ya ce, "Ina ji." Sallamar Musulmi fa, amsarta ke nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Yaron nan shekarar ƙarshe yake, rabin kuɗin ne ya samu."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ni daga hula zuwa silifas, ya daɗe a kan silifas ɗin. Ya ce, "Malam, nan ba kasuwar Maigatari ba ce da za ka zo kana tayi. Na'ura ba ta san rabi ba."

Na ce, "Yallaɓai, ko akwai wanda zan gani a sama?"

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Tun korona jami'ar ma bara take yi, kai kuma ka zo bara wurin mabaraci. In babu hali, ya koma ya taya ka noma mana."

Ya ja tagar ya ce ya tafi salla. Madalla da wannan tsoron Allah! Allah ya karɓa, yallaɓai.

Abin da ya fi ƙona min rai, a tsakiyar rashin mutuncin nasa akwai gaskiya. Yaron nan ya shiga a 2019. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, a watan ne kuma ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta tafi yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Wata tara yana gida yana kiwon awaki. Gwamnati ta ce a koma karatu ta intanet, mu da sai an hau tudun bayan gari ake samun sabis, cajin waya kuma sai an kai wa mai janareto. Malaman suka yi ta kuka cewa ɗakunan kwana cunkushe suke, babu ruwan wanke hannu, ɗakunan gwaji sun zama kufai, a cika alkawarin yarjejeniyar da gwamnati ta yi da su a 2009 da naira tiriliyan 1.3 na gyaran jami'o'i da aka amince a 2013. Sai aka zauna ana jayayya kan IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, alhali a Kano masu haƙar kabari ba sa hutawa, cikin waɗanda aka binne a watan Afrilun nan har da farfesoshi.

Kuma kada wani ya ce min kuɗi ne babu. A Afrilun 2020 IMF, hukumar ba da lamuni ta duniya, ta ba Nijeriya bashin dala biliyan 3.4. Aka ƙaddamar da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3. An ma ce an ciyar da 'yan firamare a gidajensu makaranta tana rufe, ikon Allah! Taliya da shinkafar tallafi kuwa sai a Oktoba muka gan su a waya, jama'a na fasa rumbuna suna kwasa. Jami'o'i fa? Biliyan 30 na gyara aka yi musu alkawari bayan wata tara ana ja-in-ja. A 2022 aka sake rufewa wata takwas.

To da gwamnati ta nade hannu, wa aka juyo wa? Mu. Aka ninka kuɗin rajista, aka ce wanda bai da shi ya ci bashin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance. Manyan da suka ƙi sakin kuɗin 'ya'yansu na Ingila suna turo hoton kammala karatu, ni kuma ana auna silifas ɗina ta taga.

Bayan isha na iso gida, kuɗin riɗi ya ragu da na mota zuwa da dawowa. Inna tana zaune bakin zaure da fitila, ta ce, "Sun yarda?" Na ce mata mutumin ya tafi salla.