Tsarin mulkin Amurka bai hana sa wa bindiga doka ba

Duk sanda aka yi harbi a wata makaranta a Amurka, sai ka ji ana cewa ai tsarin mulkinsu ya hana gwamnati sa wa bindiga kowace irin doka. Na gaji da jin wannan magana, kodayake tana da tushe: gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin a 1791 ya kare 'yancin mallakar makami.

Sai dai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ajiye bindiga a gida, kuma a hukuncin nan ta ce 'yancin yana da iyaka. Mai son ƙaramar bindiga a shago mai lasisi sai ya kai shekara 21, ya cike takarda, a binciki sunansa a rumbun bayanan FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar. In kotu ta taɓa samunsa da babban laifi, haka zai fito hannu rabbana.

Inda gizo ke saƙar shi ne cinikin mutum da mutum. A jihohi da dama maƙwabci na iya sayar wa maƙwabcinsa bindiga ba tare da wannan bincike ba, kuma 'yan majalisa sun daɗe suna ja-in-ja a kai.